Talala da Turke: Yadda Gida Ke Riƙe Yaro Daga Ƙwaya

Mutumin Potiskum ba a koya masa dabba. Garin da kowace Laraba shanu ke cika kasuwarsa daga Gaidam da Gashuwa, daga Nijar da Chadi, tireloli su kwana suna lodi zuwa Legas da Fatakwal, ai ko yaron da bai shiga firamare ba ya san bambancin Bokolo da Rahaji. Shiga lungunan Dogo Nini, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar, ka leƙa gidaje. Da wuya ka wuce gida biyar ba ka ji kukan rago ko ka hango tunkiya a turke ba. Maigida zai shafa bayan ragonsa sau ɗaya ya ce maka, "Wannan jiya bai ci dusa sosai ba." Kuma gaskiyarsa ce.

To wannan sanin nake so mu ara mu kai shi inda ya fi rago tsada. Ɗan Adam ya fi ƙarfin a jera shi da dabba, Allah ya karrama shi. Amma malamanmu da kansu makiyayi suke kiran uba, iyalinsa kuma abin kiwon da za a tambaye shi a kansa. Saboda haka ba mu saki hanya ba idan muka ɗauki igiya da turke muka auna abin da ke jefa 'ya'yanmu cikin shaye-shaye, da abin da ke riƙe su.

Bari mu fara sanin girman dajin. A farkon 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da manyan laifuka. An samu kusan mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Kusan mutum ɗaya ke nan a cikin bakwai. Wiwi ce kan gaba da sama da miliyan 10, sai magungunan kashe ciwo irin su tiramol da mutum miliyan 4 da rabi da 'yan kai, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2 da wani abu. Shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ta tashi da kimanin mutum miliyan 2. Kuma a cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce, kada wani ya ɗauka zancen samari ne kawai. A watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna binciken da ta yi a kan kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. An toshe wannan kafa, wasu suka buɗe. Tiramol ɗin da doka ta yarda likita ya rubuta mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa mai 200 ne, mai 225, har mai 250. Ga roci, ga diyazafam, ga sholisho, ga sukudai, ga zaƙami da ke tsirowa da kansa a juji ba wanda ya shuka shi.

Dajin nan cike yake da guba, kuma ba uba ɗaya da zai iya share shi. Wannan aikin NDLEA ne, da NAFDAC, da kwastan, da kotu. Abin da ke hannun uba da uwa shi ne igiya.

Me ya sa matashi ke saurin faɗawa cikin abin? Kalli maraƙin da ya fara zama bijimi. Ƙaho ya fito, tozo ya tashi, ƙarfi ya zo, amma hankalin tsohon sa bai zo ba tukuna. Ya ga rami zai tsallaka, ya ga wanda ya fi shi zai kara da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun ce haka kan matashi yake. Ɓangaren da ke son daɗi da sabon abu da yabon abokai shi ke riga nuna. Ɓangaren da ke bayan goshi, mai cewa "dakata, ina wannan zai kai ni?", ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Wato akwai ragamar da Allah ke tufka wa kowane mutum a cikin kansa, amma tufkar tana cin shekaru. Kafin ta kammala, igiyar iyaye ce aro. Duk uban da ya ce "ai ya girma, ya fi ni tsawo" ya kwance ɗan shekara 15, ya saki bijimin da ba a gama yi wa ragama ba.

Ita kuwa ƙwaya, aikinta a ƙwaƙwalwa irin na kanwa ne a bakin saniya. Bafulatani ya san shanu za su yi tafiyar yini don lasar kanwa, domin jiki na sonta, kuma kaɗan ta ishe su. Akwai wani sinadari a kanmu da ake kira dofamin, shi ne ɗan lasar daɗin da mutum ke ji idan ya ci ya ƙoshi, ko ya ci ƙwallo, ko mahaifinsa ya ce masa "Allah ya yi maka albarka". Ƙwaya ba lasa take bayarwa ba, buhun take zazzagewa gaba ɗaya. Harshen da ya saba da buhu ba ya ƙara jin lasa. Sai abinci ya zama ba daɗi, makaranta ba daɗi, hira ba daɗi. Guda ɗaya ta jiya ba ta isa yau, sai biyu, sai huɗu. Daga nan ba don daɗi yake sha ba, don kada jiki ya yi ciwo ne. Kuma wanda ya fara da wuri, kafin shekara 15, ya fi wanda ya fara a girma saurin kamuwa ninki-ba-ninki. Shi ya sa kowace shekara ɗaya da gida ya riƙe yaro bai taɓa ba, riba ce babba.

Wani zai ce gado ne, jini ne. Akwai ƙamshin gaskiya. Masana suna cewa wajen rabin haɗarin kamuwa, kashi 40 zuwa 60 cikin 100, yana bin iri. Amma tambayi mai kiwo: Balami iri ne mai girma, ka bar shi da yunwa da ƙishirwa ka gani ko zai kai Uda da aka kula da shi. Iri rabi ne, kiwo rabi. Gidan da ya san akwai mashayi a danginsa, shi ya kamata ya fi kowa sa ido, ba ya sallama ba.

Yanzu ga zancen igiya, inda nake so mu daɗe. A shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara, Diana Baumrind, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ta zauna tana kallon yadda iyaye ke tafiyar da 'ya'yansu, ta kasa su gida uku. A 1983 wasu masana biyu suka ƙara na huɗu. Da za ka karanta wa dattijon Dogo Nini abin da suka rubuta, zai ce ai ɗaurin dabba suke faɗa.

Akwai mai ɗaurin kurkusa. Igiya kamu biyu, ga dabaibayi a ƙafa. Wannan shi ne gidan da sallamar uba ke kashe hira. Yara na jin tarinsa a zaure kowa ya nutsu. Ba tambaya, ba bayani, "na ce" ita ce hujja, dorina ita ce amsa. Daga waje sai ka ce gidan tarbiyya ne. Amma ragon da aka ƙuntata wa igiya, wuyansa ke ƙujewa, kuma ranar da ya tsinke ba ya tsayawa a ƙofar gida, sai an nemo shi a wata unguwa. Yaron irin wannan gida ba barin laifi yake koya ba, ɓoye shi yake ƙwarewa a kai. Ranar da abokinsa ya miƙa masa gorar lemo da aka haɗa, ba shi da wanda zai je ya gaya wa, domin ya san abin da zai biyo baya.

Akwai mai sake don so. Ga dusa, ga harawa, ga ƙaiƙayi, amma ba igiya. Ɗan lele ne, ko auta, ko namiji tilo bayan mata biyar. An saya masa waya, an saya masa babur, kuɗin kashewa ba a tambayar ina suka tafi. Maƙwabci ya kawo ƙara, uwa ta ɗaura zani ta fito: "Ɗana ba ya haka, baƙin ciki ake masa." Kuɗi ya ɓace a ɗaki, ta rufa don kada maigida ya ji. Soyayya ce, ban musa ba, kuma na san zafin zuciyar uwa. Amma ragon da ya ƙoshi aka sake shi, shi ne ke fara kaiwa juji ya ci leda.

Akwai kuma wanda ba igiya ba dusa. Irin awakin nan da ake kora da safe su nemi na kansu a kasuwar hatsi, su kwana inda dare ya yi musu. Ba wanda ya san ya ci, ba wanda ya san inda ya kwana. Binciken da aka yi ta maimaitawa a ƙasashe dabam-dabam ya nuna 'ya'yan wannan gida su suka fi faɗawa shaye-shaye. Ba abin mamaki ba ne.

Na huɗun shi ne talala. Bahaushe ya ce talala mai kamar sake. Igiya ce doguwa: dabba ta zaga, ta ci ciyawar da take so, ta kwanta a inuwar da ta zaɓa, ta ji kamar ba a ɗaure take ba, amma gonar mutane ba za ta kai ba, titi ba za ta hau ba. A gida, talala ita ce doka tare da sakin fuska. Yaro ya je kallon ƙwallo, ya je majalisa, amma an san majalisar wa, an san su waye a cikinta, an san ƙarfe nawa zai dawo, kuma idan ya wuce lokaci zai tarar da wani zaune yana jiransa. Idan an hana shi abu a gaya masa dalili. Idan ya yi daidai a faɗa, kamar yadda ake faɗa in ya yi kuskure. Kuma mai talala ya san ana ƙara tsawon igiya ne da girman dabba: ta ɗan shekara 12 ba ita ce ta ɗan 18 ba. Yaran da suka tashi a haka su ne binciken ya nuna sun fi tsira.

Sai dai igiya, komai kyanta, a jikin turke take. Idan turken na girgiɗi, ko jariri ya ja sai ya tuge. Turken yaro shi ne zaman iyayensa. Gidan da kullum faɗa, kullum "tattara kayanki", kullum yaji da biko, turke ne da gara ta ci. Mu faɗi gaskiya, mutuwar aure ta yi mana yawa. An saki uwa, ta tafi gidan wani, yaro ya zama agola a can ko ɗan bora a nan. Uba na ganin yana wajen kakarsa, kaka na ganin yana wajen ubansa, shi kuwa yana tasha yana wa direbobi wanki. A gidan mata biyu ko uku, idan uba ya karkata, ɗan wadda ba a so yana gani a rabon nama, yana gani a ɗinkin Sallah, yana haɗiyewa. Wannan haɗiyar ce wata rana yake neman abin da zai kora ta da shi.

A birnin San Diego na Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun tambayi mutum sama da 17,000 abin da suka gani a yarinta: duka, zagi, sakaci, rabuwar iyaye, dukan uwa a gaban ɗa, mashayi a cikin gida. Suka tarar duk sanda aka ƙara ɗaya a kan ɗaya, haɗarin shaye-shaye na hawa. Wanda ya haɗa biyar ko fiye, haɗarinsa ya ninka na wanda bai ga ko ɗaya ba sau 7 zuwa 10. To mu nan Potiskum muna da namu ƙarin da ba su lissafa ba. An kai hari kasuwar shanu a watan Mayun 2012. An kashe ɗalibai a Mamudo a Yulin 2013. Bam ya tashi a tsakiyar taron ɗalibai a makarantar kimiyya ta garin nan ranar 10 ga Nuwamban 2014, ya kashe sama da 40. Yaran da suka rasa uba a waɗannan shekaru, ko suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, su ne samari da 'yammatan yau. Turkensu ba girgiɗi ya yi ba, tuge shi aka yi. Wanda Allah ya ba riƙon maraya a cikinmu ya san ba tuwo kaɗai aka ba shi amana ba.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da zamani ya mayar da ita giɓi, wato kunya. Uba ba ya sakewa da ɗansa, balle ɗan fari da ko sunansa ba a faɗa. A da wannan bai cutar ba, domin makiyayan gidan da yawa suke. Ga baffa, ga kawu, ga gwaggo, ga kaka da ake wasa da ita a gaya mata abin da ba a iya gaya wa uwa. Ga maƙwabci da zai tsawatar, iyaye su yi masa godiya, domin ɗa na kowa ne. Yau an rabu, kowa ya ja katangarsa. Baffa na Damaturu, kawu na Abuja, maƙwabci ya kama bakinsa don gudun rigima. Makiyayan sun watse, kunyar ta tsaya. Idan uba ba zai iya zama da ɗansa ba, to wajibi ne ya naɗa wanda zai zauna da shi, kuma ya riƙa bibiya.

Sannan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke aiken yaro sayo sigari, ko ya ce "karɓo min ta ƙarfin jiki a kemis" kafin ya tafi lodi ko gona, ya riga ya nuna masa ƙofar da mai shagon. Uwar da ke ɗura wa jariri maganin mura don ya yi barci ta samu ta yi aiki, ko take shan na tari don ta manta da takaicin kishiya, 'yarta na kallo. Yarinyar da ake ɗora wa tallar dare a tasha kuma, an kai ta bakin dajin da hannu.

Kowane makiyayi yana ƙirga da magariba. Ba ya cewa ai da safe sun cika. Wannan ɗabi'a ce wata ƙasa ta ɗauka ta mayar da ita tsari. Aisland tsibiri ne can ƙuryar arewacin Turai, jama'arta duka ba su kai rabin miliyan ba. A 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 a can sun bugu da giya a cikin watan da aka tambaye su. Ba wa'azi suka ƙara ba, ba bulala suka ƙara ba. Sun sa doka cewa ɗan 13 zuwa 16 ba ya waje bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, 12 a lokacin zafi. Iyayen kowace makaranta suka ƙulla alkawari a tsakaninsu: za mu san abokan 'ya'yanmu, za mu san iyayen abokan, za mu ƙara lokacin zama da su. Suka riƙa zaga unguwa da dare. Hukuma kuma ta zuba kuɗi a wasanni da koyon sana'o'in hannu da kiɗa don yamma ta cika. Zuwa 2016, kashi 42 ɗin nan ya koma 5. Masu shan taba kullum sun sauko daga 23 zuwa 3, masu taɓa wiwi daga 17 zuwa 7. Kuɗinsu ba mu da shi, na yarda. Amma ƙirgar magariba ba ta cin ko sisi, kuma mu muna da abin da ba su da shi: masallacin unguwa da ke tara iyaye maza sau biyar a rana, da mai unguwa, da Islamiyyar matan aure.

Na san uban da zai ce, "Malam, ni direba ne, ina Legas mako biyu." Na san wanda ke fita da asuba neman abin sawa a tukunya, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Talauci ba ƙarya ba ne. Amma mai shanu da ke tafiya ba ya barin garke haka nan, yana damƙa shi ga wani, kuma kullum yana waya: an ba su ruwa? wacce ke ɗingishi ta warke? Irin wannan wayar ɗanka ya cancanta, kuma shi za ka kira da kansa, ba uwarsa kaɗai ba. "Ina ka yini? Da wa? Me ke damunka?"

Dillalin kasuwar Laraba ba ya jiran dabba ta faɗi kafin ya san ba ta da lafiya. Ya buɗe baki, ya duba ido, ya kalli tafiya. Yaro ma yana da alamu. Ido ya yi ja ko ya lumshe, magana ta yi nauyi, barcin rana ya yi yawa dare kuma ba barci, yawan susa, cin abinci ya canja, tsofaffin abokai sun ɓace sababbi sun zo waɗanda ba sa yarda su shigo zaure su gaisa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙananan kaya na ɓacewa a gida. Wata alamar da ke ruɗar mutane ita ce faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya. Tiramol mai yawa na jawo haka, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi wata da watanni alhali maganar na cikin aljihun wandonsa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, ƙuruciya ma na kawo wasu. Amma idan sun taru, a zauna da shi cikin sirri, ba a tsakar gida gaban ƙannensa ba.

Idan kuma ya riga ya kamu fa? A nan muke yin abin da ba ma yi wa dabba. Sa ya yi rashin lafiya, ba wanda ke dukansa, ba wanda ke korarsa daji. Likitan dabbobi ake kira, a biya. Amma ɗa ya kamu da ƙwaya, sai duka, sai tsinuwa, sai "kada ka ƙara taka min gida". Wanda aka kora, dilan ƙwaya ne ke karɓarsa, ko ɗan siyasar da ke neman 'yan banga. Wasu kuma su kai shi gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum ɗaruruwa, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma bayan makonni kaɗan aka sake ganin irinsa a Daura. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya, har suna biyan kuɗi. Sarƙa na hana ƙafa tafiya, ba ta cire ƙishirwar da ke cikin kai. Kamuwa cuta ce, kuma yanke wasu ƙwayoyin farat ɗaya, irin su diyazafam da roci, na iya jefa mutum cikin jijjiga mai haɗari, shi ya sa ake so a yi a hannun likita. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, a haɗa su.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, malam mai unguwa, liman: wanda ɗansa ko 'yarsa ta kamu, ya fara da babban asibitin Potiskum ya nemi a tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko asibitin koyarwa na Damaturu, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. Ofisoshin NDLEA ma suna da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai suke yi ba. Ku raka shi da ƙafarku, kada ku aika shi da ɗan aike. Idan ya koma ruwa bayan ya daina, ku sake kai shi, domin hakan na faruwa da masu wannan cuta da yawa. Iyayen kowane layi a Dogo Nini kuma su tsaya bayan sallar isha'i ko sau ɗaya a wata, su yarda a kan lokacin da yaran layin za su shiga gida, kuma kowa ya ba maƙwabcinsa izinin ya faɗa masa abin da ya gani.